Ba sai ka yi oda daga Chaina ba kafin ka haɗa ƙaramin samfurin gida

Jama'a, duk lokacin da wani yaro ya haɗa ƙaramin gida ko tirela da kwali aka saka hotonsa, sai ka ji ana cewa "da zai samu kayan waje da ya fi haka". Ni dai ban yarda ba. Kayan da ake oda a AliExpress suna da kyau, amma ga canjin dala, ga kuɗin aike, ga jiran makonni. Ɗalibin zanen gine-gine da zai miƙa aiki ranar Litinin ina ya ga wannan lokacin? Rabin abin da yake nema yana nan a teburin mai kayan koli da shagon robobi irin na Ƙofar Wambai.

Amma fa araha ba ta isa dalilin saye ba. Abin da ke ɓata aikin yawancin mutane shi ne ma'auni: ƙofa ƙarama, mota ƙatuwa, bishiya ta fi bene tsawo. Don haka kafin ka fita, zaɓi ma'auni ɗaya ka tsaya a kai. Mu ɗauki 1:50, wato mita 1 na gaske ya zama santimita 2. Mutum mai tsawon mita 1.7 zai dawo santimita 3.4, ƙofa mai mita 2.1 kuma santimita 4.2. Yanki ɗan mutum na takarda daidai wannan tsawon, ka saka shi a bayan kes ɗin wayarka, ka tafi da rula. Duk abin da ka ɗauka a shago, ka tsayar da shi kusa da ɗan mutumin nan, sauran lissafin kalkuletar waya za ta yi.

Nan za ka ga abin mamaki. Tsinken sakace kaurinsa kusan milimita 2 ne, a 1:50 ya zama santimita 10, daidai katakon rufi. Tsinken shan lemo kuwa, da mutane ke son yin famfo da shi, kusan milimita 6 ne, wato santimita 30. Wane famfo ne haka? Ginshiƙi ne ko kwalbati. Murfin robar ruwa ya kai santimita 3, ka ɗora biyu ko uku ka samu tankin ruwa. Motar yara sai ta kai wajen santimita 9 za ta dace, ƙasa da haka bar wa mai shago abinsa ko da kyauta ya ba ka.

Soson wanke-wanke idan ka yayyaga shi ka shafa koren fenti ganyen bishiya ne. Baƙar samfefa kwalta ce. Kwali kuma ka ɗan jiƙa fuska ɗaya ka ɓare, kwanon rufi ya fito.

Wajen gam ne ba na son a yi tsumulmula. Sufa gulu yana cinye farin soson nan da ake naɗo talabijin a ciki, nan take zai narkar da shi. Farin gam na kafintoci za ka sa, ka yi haƙuri ya bushe. Haka wuƙar yanka: idan ta dakushe sai ta riƙa yaga kwali, canja baki kawai.

Fitila kuma cire ƙwan LED daga tocilan mai araha. Batirin CR2032 mai bolt 3 zai kunna shi kai tsaye, doguwar ƙafar ce ke zuwa ɓangaren +. Idan cajar waya za ka jona, bolt 5 ce, dole ka sa rezista, in ba haka ba ƙwan zai ƙone.

In ka gama, kwantar da wayarka a kan tebur daidai idon ɗan mutumin takardar nan ka ɗauki hoto. Duk abin da ya yi girma ko ya yi ƙanƙanta a nan zai fito ƙarara. Wanda ya gwada ya ajiye mana hoton a ƙasa mu gani.