Kafin a shigo da baƙuwar ciyawa, a tuna da gamba

Duk wanda ya tashi a Kiru ko Bebeji ya san gamba. Da ita ake saƙa zana, ita manomi ke bari a iyakar gona, kuma tohonta na farkon damina ne ke ceton shanu bayan wahalar bazara, domin saiwarta ba ta mutuwa da rani.

Ciyawar da aka raina a gida ta yi suna a waje. A 1973 aka ɗauki irinta daga Shika da ke Zariya zuwa Kolombiya, a 1980 kuma Barazil ta fitar da ita ga makiyayanta. Sai ga shi a 2016 ministan noma na lokacin, Audu Ogbeh, yana maganar shigo da irin ciyawa daga Barazil.

Labarinta a Ostireliya ya fi zama izina. An kai ta can a shekarun 1930 don kiwo, ta tsallake gonaki ta mamaye dazukan arewacin ƙasar, inda babu mai yankan ta. Tana kai tsawon mita 4, kuma gobararta ta fi ta ciyawar ƙasar zafi, har tana kashe manyan itatuwa. A 2012 gwamnatin tarayyar ƙasar ta saka ta cikin jerin ciyayi mafiya ɓarna. Abin da ke rufa asiri a gida ya zama annoba a baƙon wuri.

Wannan gargaɗi ne ga Kano. Makiyayan rugar Dansoshiya a Kiru da na gefen dajin Falgore a Tudun Wada da Doguwa suna buƙatar ciyawa, kuma ƙarancinta na cikin abubuwan da ke haddasa rikicinsu da manoma. Amma irin da ya kuɓuce a bakin madatsar Tiga, ruwa zai kai shi nesa. Mutanen Haɗejiya sun san abin da kachala ta yi wa magudanan ruwansu.

Ya kamata gwamnatin jiha ta hana shuka duk wani baƙon iri sai cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta gwada shi. Ta kuma tallafa wa manoma su tara irin gamba su sayar, ta haɗa kai da dagatai wajen hana ƙona daji da kaka. Ciyawar da Barazil ke kiwo da ita tana nan a bakin gonakin Doguwa.