Wa Ya Ce Mota ta Maza Ce Kaɗai?

Sau da yawa in mota ta yi kuskure a kan titi, sai ka ji ana cewa, "Ai mace ce ke tuƙi." A ganina, rashin sanin tarihi ne ya kawo wannan magana, domin kuwa mace ce ta fara yin doguwar tafiya da mota a duniya.

Sunanta Bertha, matar Karl Benz, Bajamushen nan da ya ƙera mota a shekarar 1885. Da farko mutane ba su yarda motar za ta yi wani amfani ba. Sai ran nan da asuba, cikin watan Agusta na 1888, Bertha ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu, suka kama hanya daga Mannheim zuwa Pforzheim, tafiyar fiye da kilomita 100. A lokacin babu gidan mai ko ɗaya, sai a kantin magani ta sayi mai a garin Wiesloch. Da bututun mai ya toshe, ta zare tsinken hularta ta buɗe shi. Da birki ya cinye, ta sa baduku ya buga masa fata. Bayan ta komo, ta shawarci maigidanta ya ƙara giya saboda hawan tudu, ya kuwa ƙara.

Haka kuma a Amurka, a 1909, Alice Ramsey, 'yar shekara 22, ta tuƙa mota daga Niyok har San Faransisko cikin kwana 59. Yawancin hanyar babu kwalta, kuma ita ke canza taya da hannunta.

To, 'yan'uwana ɗalibai, waɗannan mata ba ƙarfi suka fi mu ba. An dai bar su sun koyi yadda inji yake aiki ne. Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka ina roƙon iyayenmu, idan 'yarku ta ce tana son kimiyya ko kanikanci, kada ku ce mata aikin maza ne. Mu kuma ɗalibai, mu daina yi mata dariya. Wa ya sani, ko ita ce za ta ƙera mana tamu motar?