Kada mu raba yaro mai damuwa da aikinsa

Jama'a, akwai ciwon da ba ya fito da ƙurji, ba ya sa zazzaɓi, amma yana kwantar da yaro. Yaron da kullum yake kora awaki daji, sai a wayi gari ya ƙi fita. Yarinyar da take gaɗa da ƙawayenta a dandali, sai ta koma bayan ɗaki ta yi tagumi. Wani ba ya barci. Wani yana firgita in an buga ƙofa da ƙarfi. Wani mai shekara 10 ya koma fitsarin kwance. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce cikin yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wani ciwo na ƙwaƙwalwa.

Mu ma abin bai tsallake mu ba. Tun shekarar 2015 da Boko Haram ta fara kai hari a jihar Difa, iyalai da yawa suka bar garuruwansu. A 2019 kuma mutane suka ƙetaro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji, cikin jihar Maraɗi, suna gudun ƴan bindiga. Yaransu sun ga abin da babba ma ba zai so gani ba. Ko inda babu yaƙi, mutuwar uwa, ko mutuwar auren iyaye, ko shan tramol, suna iya juya hankalin yaro.

To, me muke yi wa irin wannan yaro? Galibi sai tausayi ya kama mu, mu ce a bar shi ya huta. A ba ƙanensa kiwon, a cire shi daga makaranta, a kai masa tuwo har cikin ɗaki. A wasu gidaje kunya ce take sa a ɓoye shi, wani har a sa masa mari. A ganinmu wannan kuskure ne. Yaron da aka raba da aiki da wasa da abokai, ba shi da abin yi sai tunani, tunanin kuwa shi ne yake cin sa.

Cikin ma'aikatan lafiya akwai waɗanda sana'arsu ita ce jinya ta hanyar aiki. Ƙungiyarsu ta farko an kafa ta a Amurka a 1917. A lokacin yaƙin duniya na farko sun yi jinyar sojojin da suka dawo da raunin jiki da na zuciya, suna koya musu saƙa da sassaƙa da sauran aikin hannu. Irin waɗannan ma'aikata ba su da yawa a ƙasarmu. Amma dabararsu ba ta fi ƙarfin uwa ko kaka ko malamin makaranta ba.

Abu uku suke dubawa a ranar yaro. Shin yana wanka, yana sa tufa, yana cin abinci da kansa? Yana karatu, ko wani ɗan aikin gida? Yana wasa da ƴan'uwansa? Inda suka ga ya tsaya, nan suke farawa. Kuma ba su ɗora masa aikin gaba ɗaya, gutsura shi suke yi. Yaron da yake tsoron daji, ba a tura shi kiwo rana ɗaya. Yau ya zuba wa akuya dusa a cikin gida. In ya saba, ya kai ta bakin rijiya tare da wansa. Bayan kwanaki su je bayan gari su biyu, su dawo kafin rana ta yi zafi. Duk matakin da ya ci, a yaba masa. Ranar da ya kasa, a koma na baya, ba zagi, ba bulala. A tsayar masa da lokacin tashi da na ci da na kwanciya, domin yaron da ya san abin da zai zo bayan wannan, tsoronsa yana raguwa.

Mun san wani zai ce: "Ai yaranmu tun asuba suke aiki, in aiki magani ne da babu mai ciwo a ƙauye." Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma aiki suna ya tara. Tallar da yarinya take yi har dare, tana tsoron duka in ba ta sayar ba, wannan ƙarin ciwo ne. Aikin da muke nufi ƙarami ne, daidai ƙarfin yaro, wanda yake so, kuma yana ganin ƙarshensa da idonsa. Kamar saƙar faifai, ko ɓarar gujiya a tsakar gida ana hira, ko a yanka masa fangali ɗaya a garka, a ce salatin nan nasa ne, shi zai yi masa ban ruwa. Shi ya sa ake tambayarsa abin da ransa yake so kafin a zaɓa masa. Wasa ma aiki ne a wurin yaro. In ya koma langa ko ƙwallo da abokai, kada a kore shi, sauƙi ne ya fara samuwa.

Sai dai wannan dabara ba ta maye gurbin likita. Yaron da yake faɗuwa yana shure-shure, ko yake jin muryoyin da ba wanda yake ji, ko ya daina cin abinci, ko ya ce ya gaji da duniya, a kai shi ɗakin shan magani ran nan, kada a jira ranar kasuwa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi gaba. Babban asibitin Yamai yana da sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa su biyu. In an dawo gida da magani, a ba shi kan lokaci kamar yadda likita ya faɗa, washegari kuma a miƙa masa ƙwaryar dusa ya kai wa akuyarsa.