Karen Tangaran da Karen Rai

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan'uwanmu waɗanda suka taɓa zama ƙasar Ingila, ko suka leƙa ta na 'yan makonni suka dawo da labarin da ya fi kayansu nauyi, ita ce wai babu al'ummar da ta kai Turawa jinƙan dabba. Hujjar da suke kafawa kuwa ita ce, in ka shiga gidan Bature sai ka tarar da surar karensa a bango, da jikin matashin kujera, da gefen kofin shayi. Masu sauraro sukan kasu biyu, wasu su yi dariya su ce wautar Nasara ce, wasu su kaɗa kai su ce kaico, mu ga namu karnukan yara na jifa. Da waɗannan na biyu nake jayayya, domin sun ɗauki ado a matsayin shaidar rahama, alhali kuwa in aka bi tarihin wani kare guda da mutanen Ingila suka daɗe suna zanawa, sai a ga adon nan yana da hannu dumu-dumu cikin wahalarsa.

Na taɓa haya a gidan wata tsohuwa a arewacin Ingila, mace mai kirki wadda ba na manta alherinta. A kan kantar da ke bisa murhun falonta akwai karnukan tangaran guda biyu, farare masu dabbare-dabbaren ja, suna zaune ɗaya dama ɗaya hagu, an zana musu sarƙa mai ruwan zinariya a wuya, kuma duk safiyar Asabar sai ta sauke su ta goge da ƙyalle mai laushi. A ƙarƙashinsu kuwa, kan darduma, ga karen rai, irinsu sak, mai dogayen kunnuwa kamar gezar rawani, wanda in yana tafiya sai ya ɗaga ƙafar baya ya yi ta susar iska kusa da wuyansa, ba tare da farcen ya taɓa fata ba, in ko aka kuskura aka shafa ƙeyarsa sai ya saki ƙara. Tsohuwar takan ce shagwaɓa ce kawai.

Asalin waɗannan karnukan tangaran daga gundumar Satafodshiya ne, inda magina tukwane suka riƙa zuba yumɓu cikin mazubi suna fid da su bibbiyu, da araha, har suka shiga gidajen talakawa a zamanin Sarauniya Biktoriya. Ita kanta sarauniyar tana da irin wannan kare tun tana budurwa, sunansa Dash, wanda shahararren mai zanen dabbobi Edwin Landseer ya zana a 1836, shekara guda kafin ta hau gado. Kafin ita ma, sarakunan gidan Stuart sun shahara da shi, har aka laƙaba masa sunan Sarki Cals, kuma mai zane Van Dyck ya sa shi cikin hoton 'ya'yan Cals na Farko. Da aka fara gasar nuna karnuka a 1859, aka kafa ƙungiyar masu kiwonsu ta Kennel Club a 1873, sai alƙalan gasa suka karkata ga mai guntun hanci da ƙulleren kai, masu kiwo kuma suka bi abin da ke kawo lambar yabo, har kare ya tashi daga kamanninsa na da.

To, a nan ne abin mamakin yake. A 1926 wani attajiri Ba'amurke mai suna Roswell Eldridge ya zo Ingila neman kare irin wanda ya gani a tsofaffin zane-zane, bai samu ba, sai ya sa kyautar fam 25 a gasar Crufts ga duk wanda ya kawo mai doguwar fuska da shimfiɗaɗɗen kai kamar na hotunan. Masu kiwo suka tsinto 'yan ƙalilan da suka dace, suka yi ta haɗa su barbara a tsakaninsu, auren zumunci a kan auren zumunci, har a 1945 aka yarda da shi a matsayin iri mai zaman kansa, da sunan Kabaliya. Ashe ke nan ba karen aka duba aka yi hoton ba a wannan karon, hoton aka ajiye a gaba aka ce wa mai rai ya zama haka, kamar yadda maginin Satafodshiya ke danna yumɓu cikin mazubi. Sai dai yumɓu ba shi da jijiya.

Abin da tsohuwar nan take kira shagwaɓa, likitocin dabbobi sun san shi sarai. Ƙoƙon kan wannan kare ya yi wa ƙwaƙwalwarsa kaɗan, sai bayanta ya matse hanyar ruwan da ke zagaya laka, ruwan ya taru ya yi kogo a cikinta, daga nan raɗaɗin wuya da susar iska suke fitowa. Ga kuma ciwon marfin zuciya da ke kama da yawansu tun ba su tsufa ba, shi ne ma ya fi kashe su. A 2008 gidan BBC ya nuna wani shiri da ya tona wannan asiri, har ya daina watsa gasar Crufts. A 2022 wata kotu a birnin Oslo ta hukunta cewa kiwon wannan iri ya saɓa wa dokar kare haƙƙin dabbobi ta ƙasar Nowe, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hanin a 2023.

Na san mai gardama zai ce, ai zane ba ya haihuwar kwikwiyo, mene ne laifin kofin shayi? Lalle ba na tuhumar mai zane da mugun nufi, kuma Eldridge kansa dogon hanci ya nema, wanda a zahiri ya fi guntu sauƙin numfashi. Amma hoto shi ke koya wa ido abin da zai so, ido ya aiki aljihu kasuwa, mai kiwo kuma ba ya kiwon abin da ba a saye. Saboda haka ne ƙungiyar likitocin dabbobi ta Birtaniya ta fito tana roƙon 'yan talla su daina sa hotunan karnuka masu lotsattsen hanci a kayansu. Da a ce hoto ba ya aiki, da likitoci ba su ɓata bakinsu a kansa ba.

Mu kuwa ba mu da bakin yi wa kowa gori, tun da a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne, kuma kowane almajiri ya ji hadisin mutumin da aka gafarta wa domin ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare, amma duk da haka jifa muka gada. Abin lura a ƙissar dai shi ne, ƙishirwar karen mutumin ya duba, ba a faɗa mana launinsa ko tsawon kunnensa ba.

Karen tsohuwar ya mutu kafin in bar gidan, yana da shekara bakwai, ciwon zuciya. Ta yi kuka na haƙiƙa, kukan da ba zan taɓa ƙaryata shi ba, ta sa aka zana mata fuskarsa a faranti ta kafa tsakanin na tangaran biyun. Bayan wata uku ta shigo da sabon kwikwiyo a kwando, fari mai dabbaren ja, ta ɗaga shi kusa da kanta tana gwada launi, ta juyo ta ce da ni, "Duba, ɗana, ka ga yadda suka dace?"