Gaba kura, baya sayaki

Ran 6 ga watan Fabrairu na 2015, ƴan Boko Haram suka ƙetaro Komadugu suka faɗa wa Bosso da Difa. Kwanaki kaɗan bayan haka sai ga su a ƙofar gidan kason Difa, aka kore su. Cikin watan Yuli suka komo da dare, aka sake korar su. Wanda ya kai hari gidan kaso har sau biyu, lalle yana da mutane ciki.

Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, aka shiga kame. An kama masu laifi, babu shakka. Amma an haɗa da manoman tattasai da masunta da ƴan kabu-kabu, waɗanda wani ya ambaci sunansu gaban jandarma, ko don tsoro, ko don tsohuwar gaba ta gona ko bashi. Aka kwashe su tafiyar fiye da kilomita 1300, aka zuba su gidajen kason Yamai da Kollo da Kutukale. Sai cikin watan Maris na 2017 aka soma shari'a, kuma mutane da dama sun fita don rashin hujja.

To, mai karatu ya dubi halin irin wannan mutum. Cin amana ne ya kawo shi, ga shi yanzu tabarma guda da mayaƙi na gaskiya. Gudu daga kaso ba aikin mutum guda ba ne: sai da mai lura da lokacin canjin gardi, da mai ɓoye ƙarfe, da mai jira a waje. Ɗakin da aka cunkusa mutane kamar kifi a kwali kuwa ba ya riƙe asiri. Ko bai tambaya ba, zai ji. Daga ranar da ya ji, barcinsa ya ƙare. In ya yi shiru, hukuma za ta ce da shi aka ƙulla. In ya tsegunta wa gardi, da waɗanda ya tona zai kwana, kuma danginsa na can bakin ruwa inda hannun ƴan bindiga ke kaiwa. In kuma ya bi su ya fita, ya sa hannu da kansa kan laifin da bai yi ba.

Su ma masu shirin ba su kwana da ido biyu rufe. A kaso labari haja ne, kamar yadda ɗan kasuwa ya san haja: ana sayar da shi don ƙarin abinci, ko ɗaki mai iska, ko alkawarin a duba takardun mutum da wuri. Shi ya sa shugabannin shiri kan ba kowa guntun zance, su riƙe ranar a cikinsu, su bar sauran su zama ƙurar da za ta rufe sawunsu.

Amanar da ke buɗe ƙofa kuwa sau da yawa ba ta tsakanin ƴan kaso ba ce. Ran 1 ga watan Yuni na 2013, harbi ya tashi daga cikin gidan kason Yamai, gardawa suka rasa rayukansu, ministan shari'a Maru Amadu ya ce mutum 22 sun tsere. Bindiga ba ta da fiffike; sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cikin waɗanda suka fita har da Shaibani Uld Hama, wanda aka ɗaure kan kisan Larabawan Saudiyya huɗu a 2009. Bai cika wata shida ba sojan Faransa suka cafke shi a arewacin Mali, daga baya aka miƙa shi ga Amurka, inda aka yanke masa shekara 25. Kutukale ma, da ta tsaya wa harin waje a watan Oktoba na 2016, daga ciki ta fashe a watan Yuli na 2024.

A Bauci, ran 7 ga watan Satumba na 2010, ƴan Boko Haram sun ɓalle gidan kaso don fid da mutanensu, fiye da mutum 700 suka watse cikin dare. Mafi yawansu ba ƴan ƙungiyar ba ne, ba kuma wanda ya shawarce su. Cikin kwanakin da suka biyo, wasu suka komo da ƙafafunsu, suka tsaya bakin ƙofar da aka fasa, suna jiran a rubuta sunayensu.