Kafin a ba yaranmu kaki da bindiga, a nuna mana dokar fanshonsu



Tun da Shugaba Tinubu ya amince da kafa rundunar masu tsaron dazuzzuka a watan Mayun 2025, matasanmu da dama sun same ni da takardunsu, suna neman in rubuta musu wasiƙar shaida daga ƙungiya. Ina rubutawa, domin aiki ne na halal kuma ƙasa na buƙatarsa. Amma duk wanda na tambaya, idan ƙarfinka ya ƙare wa zai biya ka, kuma nawa, sai ya yi murmushi ya ce Allah na nan. Haƙiƙa Allah na nan. Sai dai ita ma gwamnatin da za ta tura shi daji akwai hakkin da ke wuyanta, kuma ra'ayina shi ne a rubuta wannan hakki a doka tun kafin a ɗinka kaki.

Bari in kawo misali daga wata jiha ta Amurka mai suna Montana, can arewa kan iyaka da Kanada. Jiha ce mai faɗin ƙasa, ga duwatsu, ga dazuzzuka, ga garken shanu, amma mutanenta miliyan ɗaya ne da 'yan kai. Tun 1963 jihar ta buɗe asusun fansho na musamman domin jami'anta masu gadin namun daji, wato irin waɗanda iyayenmu ke kira malaman daji. Daga baya aka faɗaɗa shi ya haɗa da wasu jami'an tsaro na jiha: gandirobobi, masu sa ido kan fursunonin da aka saki bisa sharaɗi, masu gadin jami'o'i, masu duba manyan motocin kaya, har da jami'an da ke duba lambar da aka ɗora wa dabbobi suna bin sawun ɓarayin shanu. Wannan na ƙarshen ya ba ni dariya, ashe su ma suna da tasu.

Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin a fili yake. Kowace shekara da jami'i ya yi yana aiki, ya samu kashi 2.5 cikin 100 na matsakaicin albashinsa mafi tsoka. Wanda ya yi shekara 20 zai tashi da rabin albashi duk wata, wanda ya yi 30 zai tashi da kashi 75, har ƙarshen rayuwarsa. Idan ya kai shekara 50 da haihuwa kuma ya cika shekara 20 a bakin aiki, yana iya ajiyewa. Dalilin bai da wuyar ganewa. Mai shekara 58 zai iya zama a ofis yana sa hannu a fayil, amma ba zai iya hawan dutse cikin sanyi yana bin mafaraucin da ke riƙe da bindiga ba. Ko wanda bai daɗe ba, muddin ya cika shekara 5, hakkinsa ya tabbata, zai karɓi daidai gwargwado idan ya kai 55. Kuma akwai ƙarin da ake yi wa fanshon duk shekara saboda tsadar rayuwa: kashi 3 ga waɗanda aka ɗauka kafin Yulin 2007, kashi 1.5 ga na bayansu. Ke nan yaro zai iya ɗaukar biro ranar da ya kama aiki ya lissafa abin da zai samu ranar da zai bari.

Kada wani ya ɗauka can ɗin aljanna ce. Shekaru da yawa ana cire wa jami'i kashi 10.56 na albashinsa, gwamnati kuma tana zuba kashi 9 kacal, wato ma'aikaci ya fi ubangidansa zubi. Sannu a hankali giɓi ya buɗe tsakanin abin da asusun ya tara da abin da ya yi alkawari. Abin da ya cece su shi ne kundin tsarin mulkin jihar ya wajabta a riƙa zuba wa asusun fansho kuɗin da masana lissafi suka ce zai isa biyan alkawari, kuma duk shekara ana fitar da rahoto kowa ya gani. Da matsalar ta ƙi ɓoyuwa, a 2023 majalisar jihar ta zuba sama da dala miliyan 40 a lokaci guda domin cike giɓin. Don haka raba asusu shi kaɗai ba magani ba ne, sai da dokar da za ta tilasta wa gwamna da majalisa su biya.

Yanzu mu dawo gida. Tun dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, tsarin adashen gata muke bi: ma'aikaci kashi 8, wanda ya ɗauke shi aiki kashi 10. A takarda zubinmu ya ma fi nasu adalci. Bambancin shi ne a nan ba a yi maka alkawarin komai. Abin da ya taru a asusunka shi za a riƙa gutsura maka, idan albashin ƙarami ne kuma tsadar kaya ta cinye darajar naira, kai ta shafa. An fitar da sojoji da jami'an leƙen asiri daga tsarin, an bar 'yan sanda, shi ya sa muka ga tsofaffin 'yan sanda sun fito zanga-zanga a Abuja a watan Yulin 2025 suna neman a cire su. Idan ɗan sandan tarayya da ya yi shekara 35 yana kuka haka, ina ga wanda jiha ta ɗauka a kan alawus, babu ko takardar tabbatar da aiki?

Na san abin da nake faɗa. Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gadin gandun daji a wata jiha. Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, mu muka zaga da faranti bayan sallar Juma'a. Takardun sallamarsa suna nan a leda, ya yi ta sintiri zuwa ofishin da abin ya shafa har kuɗin mota ya gagare shi.

Wani zai ce ai Amurka masu kuɗi ne. Gaskiya ne, amma ba sai mun tsallaka teku ba. Jihar Jigawa ta daɗe tana bin tsarin da ma'aikaci da gwamnati ke zubi tare, amma abin da za a biya mutum a ƙayyade yake bisa albashinsa da shekarunsa, kuma an san ta da biyan 'yan fansho. Jigawa ba ta kai Legas ko Ribas samun kuɗin shiga ba. Jihohin da muke zaune a cikinsu a nan Kudu, waɗanda suka kafa Amotekun tun 2020 kuma yanzu ake maganar ƙarin masu tsaron daji, ba su da hujjar cewa abin ya fi ƙarfinsu.

Ba na cewa kowa ya janye takardarsa. Amma daga yau duk wanda ya zo neman wasiƙa, zan roƙe shi ya fara tambayo abu uku a inda ake ɗaukar: aikin na dindindin ne ko na alawus, wace doka ce ta tanadi fanshonsa, kuma me za a ba matarsa da 'ya'yansa idan aka dawo da gawarsa ko ya rasa ƙafa. Ina kuma ba shugabanninmu shawara, idan sun sake zama da ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankinmu, su sa wannan batu a gaba, ko da maganar rumfunan kasuwa za ta jira zama na biyu.