Tsiron Dawa: Mun Raina Shi A Illo, Ana Tinƙaho Da Shi A Ikko

Hutun da ya wuce, mu huɗu ne muka tashi daga makaranta muka nufi gida, dukanmu 'yan ƙasar Bagudo. Tun da muka haye gadar Tuga, muka bar Kwara a bayanmu, muka ɗaukar wa juna alkawari cewa ba mai sa lemon kwalba a bakinsa sai mun komo. Ba tsimi ya sa mu ba, ko da yake kowa ya san zurfin aljihun ɗalibi. Gardama ce ta jawo. Wani abokinmu da ya yi hutu a Ikko ya dawo yana cika mana kunne da labarin wani sabon yayi na 'yan birni, watau giyar hannu, wadda ƙananan masu dafawa ke yi kaɗan-kaɗan, kowa da irin ɗanɗanon tasa, masu sha kuma su zauna suna kwatanta ta wane da ta wane, kamar yadda dattawa ke kwatanta goro, wannan daushe ne, wancan sabo. Ya ce wai wannan ita ce wayewar kai. Mu kuwa muka ce masa, in dai batun abin sha ne na hannu, wanda kowace mai yi ke da nata sirri, to, ana yinsa a ƙasarmu tun kaka da kakanni.

Kafin a yi mana mummunar fahimta, bari mu faɗi matsayinmu. Mu ba mashaya ba ne. Addininmu ya haramta abin maye, Jihar Kebbi kuma tana kan tafarkin shari'a tun 2000, ba kuwa mu zo nan don mu yi wa giya talla ba. Abin da ya dame mu dabam ne. Akwai wani ilmi da ke ƙarƙashin giyar nan da ake ta ɗoki, ilmin mai da hatsi ya yi zaƙi da kansa ba tare da an zuba masa sukari ba. Wannan ilmi na iyayenmu mata ne, halal ne tsantsa, muna kuwa kallo yana mutuwa don kawai yana maƙwabtaka da tukunyar burkutu.

Yayin da abokinmu ya gani ba a Ikko aka ƙago shi ba. Wasu 'yan Ingila ne suka kafa ƙungiya a 1971 don sun gaji da giyar manyan kamfanoni mai ɗanɗano ɗaya. A Amurka kuwa, Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida a 1978, lokacin da gidajen dafa giya na ƙasar duka ba su kai 100 ba. Bayan shekara arba'in da 'yan kai sun haura 9,000. Iskar ta iso mana, har aka buɗe wani ƙaramin kamfani a Abuja a 2017, aka raɗa masa sunan Hausa, wai Bature, daga baya ya buɗe a Ikko. Abin da ya fi ba mu dariya shi ne, a 2024 manyan masu dafawa na duniya, har da Guinness, sun yi ta shelar sun yi giya da acca. Acca fa! Hatsin da wasunmu ke ganin abincin masu ciwon sukari ne kurum.

To, mu koma kan tafiyarmu. A tashar Ka'oje muka fara sayen kunun zaƙi a ƙullin leda. Yana da sanyi, yana da citta, amma zaƙinsa na sukari ne, irin mai tsayawa a maƙogwaro ya bar mutum da ƙishirwa. A Tsamiya, bakin iyaka, abin ya fi muni: wani jan ruwa ne aka ce mana zoɓo ne, alhali ko inuwar zoɓorodo bai gani ba, garin kanti ne da kala da ɗan tsami. Mun sha don alkawari, amma ba wanda ya nemi ƙari.

Sai a Illo muka dace. Wata tsohuwa ce, dangin ɗayanmu ta wajen uwa, da ta ji abin da ke tafe da mu sai ta yi dariya ta ce, "'Ya'yan nan, ku da kuke jami'a, kunu kuka zo koyo?" Muka ce, "Inna, shi muka zo koyo." Ta ce to mu dawo bayan kwana biyar, don nata kunun ba ya son gaggawa.

Ga yadda muka ga ta yi. Ta jiƙa dawa ta kwana a ruwa, ta tsane ta, ta shimfiɗa a kan buhu a ɗaki mai duhu, ta rufe da wani jiƙaƙƙen buhun, tana yayyafa ruwa safe da yamma. Kwana uku zuwa huɗu sai ga kowace ƙwaya ta fitar da farin zare. Ta shanya a rana har ya bushe ƙayau, ta murje saiwoyin ta sheƙe. Wannan shi ne tsiro. Ran da za ta yi kunu, ta markaɗa jiƙaƙƙen gero da citta da kanumfari da masoro, ta raba ƙullun biyu. Kashi mafi yawa ta sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri kamar koko. Ba ta haɗa su nan take ba. Ta jira, tana sa bayan hannu a jikin tukunya, sai da ta ji zafin ya kai inda take so, sa'an nan ta zuba ɗanyen kashin da ta gauraya da garin tsiro, ta juya, ta rufe, ta ce mu je mu kwanta. Da asuba muka tarar abin da muka bari da kauri ya tsinke ya zama ruwa-ruwa. Ta tace da rariya ta miƙo mana a ƙwarya.

Jama'a, ba mu taɓa shan irinsa ba. Zaƙinsa ba ya dukan harshe, a hankali yake zuwa, da ɗan tsami-tsami a bayansa da ƙamshin hatsi, yajin kuma sai ya biyo daga ƙarshe ya ɗumama ƙirji. Ko ƙwayar sukari babu a ciki. Ɗayanmu mai karatun kimiyyar sinadarai ya tsaya yana bayani, cewa hatsi in ya fara tsira yakan fitar da wani sinadari da ke narka sitaci ya mai da shi sukari, kuma zafi in ya yi yawa yakan kashe sinadarin, in ya yi kaɗan aikin ba ya tafiya. Inna ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Wannan duk a littafi yake? Ai da ka tambaye ni." Abin da shi yake aunawa da ma'aunin zafi a ɗakin gwaji, ita bayan hannunta ya san shi shekara arba'in.

Ranar kasuwa muka tsallaka Segbana, cikin Jamhuriyar Benin. Wanda bai san yankin ba zai ɗauka wata duniya ce, amma mu mun san dangi ɗaya ne. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ita ta tsaga ƙasar Bargu biyu, Illo ta faɗo hannun Ingilishi, Nikki da Kandi suka tafi ga Faransi. Har yau Bokawa da Dandawa da Fulani na nan da na can suna auren juna, suna cin kasuwa ɗaya, naira a wannan aljihu, sefa a wancan. A bayan wani gida muka hangi tsiron jar dawa a shanye kan tabarma, ba shi da bambanci da na Inna ko kaɗan. Amma wannan na masu cukutu ne, abin da mu muke kira burkutu. Hanyar ɗaya ce tun daga jiƙo har zuwa tacewa. Inda suka rabu shi ne, su sukan dafa ruwan tsiron su daɗe, in ya huce su zuba masa guntun tsohon dahuwa mai ɗauke da yis, su bar shi ya yi ta kumfa, yis ɗin ya cinye sukarin ya mai da shi barasa. Inna tana tsayawa tun zaƙi yana zaƙi, su kuwa suna wucewa gaba. Mun kalla, mun gaisa, mun wuce.

Nan ne gizo ke saƙar. Saboda tsiro ɗaya ne, sai kunya ta hau kansa. An gaya mana akwai matan da suka daina shanya tsiro a tsakar gida don kada maƙwabta su yi musu wani zato. Yarinya ta ga sukari ya fi sauƙi, ba jiran kwana biyar, ba tsegumi. A haka, cikin tsara ɗaya, sana'ar da ta yi ɗaruruwan shekaru za ta bi ruwa, ba don malamai sun hana ba, don ba malamin da ya taɓa haramta tsiron hatsi. Mu ne muka kasa rarrabe wuƙa da yanka. Inabi ma ai da shi ake giya, amma ba mu ga wanda ya ƙi zabibi ba.

Abin takaicin, waɗanda suka san darajar tsiro ba su yi barci ba. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga ƙasashen waje. Kamfanonin giya na ƙasan nan suka shiga uku, don da shi suke aiki. Ina suka dosa? Dawarmu. Irin gajeren kaura da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, mai lamba SK 5912, yana cikin waɗanda suka fi karɓuwa wurinsu, har kamfanin Nigerian Breweries ya gina masana'antar tsirar da dawa a Aba, wadda aka buɗe a 2008. Kada kuma a manta ba giya kaɗai suke yi ba. Maltina, wadda ta fito a 1976, da 'yan'uwanta da muke jerawa a teburin walima da ɗaurin aure, mene ne su in ba ruwan tsiro da aka ƙara wa sukari da iska aka toshe a kwalba ba? Alhaji zai sha kwalba biyu ya yi hamdala, ba wanda zai ɗaga gira. Amma Inna ta shanya abin da aka yi ta da shi, sai a fara ƙus-ƙus.

Ku duba lissafin, ku ma'aikata da ke riƙe da fayil a Birnin Kebbi. Nijeriya tana cikin manyan masu noman dawa a duniya, tan miliyan 6 ko fiye a shekara, mafi yawa daga Arewa. Manomi ya sayar da buhu ɗanye da kaka, lokacin da farashi ya fi faɗuwa, mota ta kwashe zuwa Kudu, a tsirar, a dafa, a dawo mana da shi a kwalba mu saya da tsada muna murna. Duk ribar da ke tsakanin buhu da kwalba ta tsaya a hannun wani. Matakin farko na ribar nan kuwa, watau tsirarwa, ba ya bukatar komai sai ruwa da inuwa da haƙuri.

Mun san abin da za a ce mana, kuma akwai gaskiya a ciki. Kunun zaƙi ba ya kwana biyu, in zafi ya yi sai ya yi tsami ya lalace, in an bar shi ya wuce kima ma yana iya juyawa ya fara zama abin da muke gudu. Wasu masu yi kuma ruwansu ba shi da tsabta, robobin da suke ɗurawa tsintowa ake yi. Ba mu musa ba. Amma shin garin kanti ya fi aminci? A watan Maris na 2021 mutane ɗaruruwa suka kwanta asibiti a Kano, wasu suka rasu, bayan sun sha abin sha da aka haɗa da gurɓataccen ɗan tsami da garin lemo. Wanda ya sayi ƙullin jan ruwa a tasha bai san abin da ke ciki ba, mai haɗawar ma sau da yawa ba ta sani ba, don ba ta iya karanta abin da ke jikin buhun. Inna kuwa za ta iya nuna maka gonar da geronta ya fito. Matsalar kwana da tsabta aikin masu ilmi ce, ta mu ke nan. Dafawa a kashe ƙwayoyin cuta, ɗurawa a kwalba mai tsabta, sayar da busasshen garin tsiro a fakiti yadda uwargida a Sakkwato ko Kaduna za ta saya ta dama da kanta: wanne ne a ciki ya fi ƙarfin jami'o'inmu na Aliero da Birnin Kebbi da Sakkwato? Kowace shekara ɗalibai na rubuta kundin kammala karatu a kan kunu, a ba su maki, kundin ya hau kanta ya sha ƙura, Inna ba ta taɓa jin abin da aka gano ba.

Saboda haka muna roƙon ƙungiyar ɗalibai abu ɗaya mai sauƙi. A bikin makon al'adu mai zuwa, a ajiye akwatunan lemo gefe, a gayyato mata masu kunun tsiro daga garuruwanmu, a biya su kuɗin kirki, a sa sunan gari a jikin kowace randa: wannan na Illo, wannan na Zuru, wannan na Argungu, wannan na Yawuri. Mu zauna mu ɗanɗana, mu yi gardama a kan wanda ya fi, kamar yadda 'yan Ikko ke yi da nasu, mu kuma tashi da hankalinmu garau mu tafi masallaci. 'Yan sashen kimiyyar abinci su zo da ma'aunansu, amma su zauna ƙasa su fara da tambaya.

Ran da za mu baro Illo mun tambayi Inna wa zai gaje ta. Ta nuna jikarta da haɓa, wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu da ke ɗaure ledoji a bakin ƙofa, ta ce ita jan ruwa take sayarwa, ya fi fita a makaranta. Sa'an nan ta shiga ɗaki ta auno mana mudu biyu na tsiro, ta ƙulle a tsumma, ta ƙi karɓar ko kwabo. Yana nan a ɗakinmu. Mun gwada sau biyu, na farko ya ƙi tsinkewa don mun zuba da zafi, na biyu ya yi dama-dama.